Babi na Biyar: Ranar Tsuke Ciki da Ranar Sassauci

Duk wanda ya san garin Lolo, can ƙarshen ƙasar Bagudo ta masarautar Gwandu, kusa da inda Kogin Kwara ya baro tsakanin Nijar da Binin ya shigo Nijeriya, ya san gari ne da Allah ya haɗa masa arziki iri biyu, wato na fadama da na bakin iyaka. Fadama ita ke ba da shinkafa da albasa da kifi. Bakin iyaka kuwa shi ke kawo ciniki, domin daga Lolo zuwa Madekali ta Jamhuriyar Binin tafiya ce 'yar kaɗan, daga can kuma hanya ta miƙe har babbar kasuwar Malanbil, wadda ke duban Gaya ta Nijar a ƙetaren ruwa. To, in mutum ya zauna bakin tasha ran kasuwa ya zuba ido, zai ga arzikin nan biyu kowanne ya yi wa masu cinsa irin nasa jiki. Manomin fadama da masunci da mai tuƙa kwalekwale, waɗanda rana ke fito musu a bakin aiki ta kuma faɗi musu a can, za ka gan su a ɗame, ba tumbi ba teɓa, ko da furfura ta cika musu kai. Amma attajirin da ke wuni bisa benci gaban sito yana ƙirga buhuna, da dillali, da mai canjin sefa, da direban babbar mota, da ma'aikacin ofis, da uwargidan da wadata ta ɗauke mata daka da ɗibar ruwa, da yawansu kafin su cika shekara arba'in jiki ya yi nauyi, numfashi ya gajarce, sujada da tashi daga zaman tahiya sun zama aiki. Saboda waɗannan na biyu aka rubuta babin nan.

Lalle ne tun da fari mu kafa sharaɗi, don kada magani ya faɗa hannun wanda ba shi da cutar. A ƙasar Kabi har yau akwai gidaje masu yawa waɗanda ƙarin abinci suke bukata, kuma yaro mai tasowa, da mace mai ciki, da mai shayarwa, da tsoho mai rauni, da wanda ya tashi daga jinya, babu ɗayansu da maganarmu ta shafa. Wanda ke son ya san matsayinsa, ga hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar ko sisi: ya sami igiya, ya taka bakinta da diddige, ya ja ta har tsakar kansa ya yanke, sa'an nan ya ninka ta biyu ya zagaya ta cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. In bakin biyu sun haɗu ba tare da ya zuƙe ciki ba, to ya gode wa Allah; in kuwa sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya wuce kima, shi ne kuwa kitsen da likitoci suka fi jin tsoro. A asibiti ana haɗa nauyi da tsawo a fitar da lissafi, wanda bisa gare shi mai tsawon mita 1.7 in ya wuce kilo 72 ya fara nauyi fiye da kima, in ya kai kilo 87 ya shiga ƙiba sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas na mutanen duniya yana fama da ƙiba, jimlarsu ta haura biliyan ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne da mutanenmu suka daɗe suna ganin ƙiba da idon girma, gama a ƙasar da aka sha ganin fari da yunwa, cikar jiki shaida ce ta rufin asiri. Maijego ana ɗura mata kunun kanwa da nama har ta yi arba'in, amarya in ta yi ƙiba a ɗakinta sai a yaba wa miji, maƙwabtanmu Zabarmawa kuma suna da al'adar hangandi ta ciyar da mata har su cika. Abin ya kai ga wasu 'yan mata na sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda kumburin da suke sawa cuta ce, suna kuma ta da hawan jini da ciwon sukari. Alhali kuwa abin da ke biyo bayan nauyin da ya wuce kima sananne ne ga duk wanda ya taɓa bin layi a Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kabi: ciwon sukari, da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa mai sa mutum salla a zaune tun bai tsufa ba. Jiki amana ce, kuma malamanmu na da ba su raba kula da shi da kula da addini ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ƙasar Gwandu ke taƙama da shi, ya wallafa littafi sukutum mai suna Masalihul Insan a kan maslahohin ɗan Adam na addini da na jiki.

In muka waiwayi zaman kakanninmu, za mu tarar ba su taɓa cin abinci kai ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ba. Da kaka ana ci a ƙoshi, a yi bukukuwa da dambe da kokawa. Da rani a ci da lissafi. In damina ta yi tsakiya, lokacin da noma ya fi tsanani hatsi kuma ya yi ƙasa, sai kowa ya zube, har sabon gero ya nuna jiki ya komo. Likitocin Ingila da suka kafa wurin bincike a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, suka yi shekaru masu yawa suna auna manoman wurin, sun tarar da haka a bisa sikeli: kowace damina manya kan rasa kilo kaɗan, kowace kaka su mai da shi. Ba muna yi wa yunwar damina kirari ba ne, domin wahala ce wadda ta cuci yara da masu ciki, Allah ya raba mu da ita. Abin lura kurum shi ne, jikin ɗan Adam an halitta shi da ikon ajiyewa ran samu da ɗebowa ran rashi, mai wadata na zamanin nan kuwa kullum ajiyewa yake yi, ranar ɗebowa ba ta zuwa.

Mu duba yadda ajiyar ke taruwa. Masana suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin da ake kira kalori, kuma namiji babba mai aikin zaune yana bukatar kimanin 2,500 a yini, mace kimanin 2,000. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na tsaba ko sukari kimanin 4, saboda haka babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai 120. Je ka teburin mai shayi da hantsi ka tsaya: zai ɗauko babban kofi ya jefa ƙwayar sukari biyar ko shida, kowace kimanin kalori 20, ya tuttula madarar gwangwani, ya yanka rabin burodi ya shafe shi da bota ciki da bai, ya fasa ƙwai uku cikin mai har suna iyo. Mai ciniki ya shanye wannan, ya hau babur zuwa shagon da bai fi taku ɗari biyar ba, da azahar a kawo masa shinkafa da mai da kwalbar lemo mai kalori wajen 150, da la'asar ƙosai ko tsire, da dare tuwon shinkafa malmala uku. Babu wanda zai kira shi mai haɗama, domin abin da kowa ke ci yake ci. Sai dai mahaifinsa da ya ci irin wannan tuwo da ƙafa ya je Illo ya komo, mahaifiyarsa kuma ita ta sussuka ta surfa ta daka da hannunta. Kilo ɗaya na kitsen jiki ajiyar kalori wajen 7,700 ce, don haka rarar da ba ta taka kara ta karya ba, in ta ɗore shekara da shekaru, ita ce tumbin da ake gani.

Yawancin masu niyyar rage ƙiba da ƙarfi suke farawa, su daina tuwo, su daina shinkafa, su wuni da ruwan zafi da lemun tsami, su rame cikin wata guda kowa ya gani, sa'an nan kafin shekara ta kewayo su koma fiye da da. Ba raunin zuciya kaɗai ke kawo haka ba. Akwai dalili a cikin halittar jiki. Jiki kamar maigida ne mai rumbu: muddin ana ɗiba da hankali ba ya damuwa, amma ran da ya leƙa ya ga hatsi ya yi ƙasa farat ɗaya, sai ya rage mudun awo, ya hana kyauta, ya kuma ƙudura cewa da zarar kaka ta yi zai cika rumbun har ya gina wani. An tabbatar da wannan a Jami'ar Minesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, inda Ancel Keys ya tara samari 36 da suka ba da kansu, aka yi mako 24 ana ba su wajen rabin abin da suka saba ci. Suka rasa rubu'in nauyinsu, ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, sanyi da kasala da baƙin rai suka kama su, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su kuwa suka dinga ci ba ƙoshi, har kitsen jikinsu ya zarce na farko. A 2016 kuma Kevin Hall da abokan aikinsa suka ba da labarin mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka: sun zubar da kilo 58 kowanne bisa matsakaici a cikin mako 30, bayan shekara shida kilo 41 ya komo, kuma jikinsu yana ƙona kalori wajen 500 a yini ƙasa da yadda ya kamaci mai girmansu.

Wannan ne ya sa masana suka yi tunanin a riƙa sassaɓa awon abinci, ranar tsukewa da ranar sassauci, maimakon tsanani ɗaya miƙaƙƙe mara ranar ƙarewa. Tsarin iri-iri ne. Akwai na cikin mako, wanda likitan nan Michael Mosley ya yayata a BBC a 2012, wato kwana biyu a ci kaɗan ƙwarai, kwana biyar a ci daidai bukata. Akwai kuma na mako biyu-biyu, wanda Nuala Byrne ta Jami'ar Tasmaniya a Ostareliya ta jarraba a kan maza 51 masu ƙiba, aka buga sakamakon a 2017. An raba su kashi biyu, aka rage wa kowa sulusin abincinsa na tsawon mako 16. Kashi na farko suka yi makonnin a jere, na biyu kuwa in sun yi mako biyu na ragi sai su yi mako biyu suna cin daidai abin da zai tsai da nauyinsu, ba ƙari ba ragi. Cikin waɗanda suka bi tsarin har ƙarshe, na farko sun rasa kilo 9, na biyu kilo 14, kuma bayan wata shida da gamawa masu hutawar suna gaba da kimanin kilo 8.

Amma adalci ya wajabta mu kawo ɗaya ɓangaren. A shekarar 2017 ɗin dai aka buga wani gwaji na Jami'ar Ilinoi da ke Shikago, inda aka bi mutum 100 shekara guda: masu cin rubu'in bukatarsu yau su ci da ɗan ƙari gobe sun rasa kashi 6 cikin ɗari na nauyinsu, masu ragi kaɗan kullum sun rasa kashi 5 da ɗoriya, bambancin da ba a bakin komai yake ba, waɗanda suka gaji suka bari kuma sun fi yawa a cikin masu tsananin yini bayan yini, kashi 38 a kan 29. Abin da mai hankali zai fahimta daga gwaje-gwajen nan shi ne, sassaɓawa ba ta da wani asiri da zai narkar da kitse in jimlar abin da aka ci a mako ba ta ragu ba. Fa'idarta ita ce tana ba zuciya ranar hutu da za ta sa rai da ita, tana ba mutum damar zuwa suna da ɗaurin aure ya ci tare da jama'a ba tare da ya ga ya karya alkawari ba, tana kuma koya masa awon da zai zauna a kai bayan ya gama ragewa, wanda shi ne darasin da masu gaggawa ba su taɓa koya ba. Tsarin da ya fi kowane kyau shi ne wanda mutum zai iya riƙewa shekara goma.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan ma'ana. Alƙur'ani mai girma, a Suratul A'arafi, ya halatta ci da sha ya hana israfi. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito ya shiryar da a kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Sunna ta zo da azumin Litinin da Alhamis, da na kwana uku na tsakiyar wata, 13 da 14 da 15, ta kuma hana wisali, wato haɗa azumin kwanaki ba buɗa-baki. Labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da su, ya isa wa'azi ga mai son tsanantawa: ya ɗaura niyyar azumi kullum da tsayuwar dare duka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, ya yi ta rage masa har ya tsai da shi a kan azumin Annabi Dawuda, yini da azumi yini babu, da tsufa ya zo masa kuwa, sai ya riƙa burin da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. Sai dai a kiyaye abu biyu. Na ɗaya, azumi ibada ce, niyyarsa don Allah take, lafiyar da ta biyo baya kyauta ce. Na biyu, azumi ba ya rage ƙiba in buɗa-baki ya zama ramuwa. Bincike da yawa da aka tattara a kan Ramadan sun nuna galibi kilo ɗaya da 'yan kai ake rasawa, shi ma yakan komo cikin 'yan makonni bayan Salla, dalili kuwa kowa ya san yadda faranti ke cika da soye-soye da zaƙi daga Magariba zuwa sahur.

Ga misalin yadda attajirinmu mai bukatar kalori 2,500 zai tsara makonsa. Litinin da Alhamis ya tsuke sosai, ya rage 1,000 kowace rana, ko da azumi ko babu. Wasu kwana uku ya rage 500 kurum. Sauran kwana biyu, wato Juma'a da ranar kasuwa ko ranar da biki ya faɗo, ya ci cikakken awonsa. Jimlar ragin mako ta zama 3,500, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, wanda a wata shida zai iya kai shi kusan kilo goma, ko da yake tafiyar takan yi sanyi in jiki ya ragu, gama ƙaramin jiki bukatarsa ƙarama ce. Ba sai ya sayi sikelin abinci ba. In ya bar kwalbar lemo ɗaya, aka rage cokali biyu na mai daga rabonsa, ya sha shayi ba ƙwayoyin sukarin nan shida, ya riga ya rage 500 bai taɓa tuwonsa ba. Ranar tsukewa sosai sai ya ƙara da mai da malmala uku ta koma ɗaya, ya cika gurbin da abin da ke riƙe ciki: kwaɗon zogale ko rama, wanda Dandawa da Zabarmawa suka gwanance a kai, da wake, da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa, da nono ba sukari, da kifin kogi gasasshe ko na miya maimakon soyayye. Kifi da wake da ƙwai da nono su ke tsare tsoka kada ta zube tare da kitse, don haka ba a rage su. Ranar sassauci kuwa ranar ƙoshi ce irin ta sunna, a tashi daga akushi da sauran wuri a ciki. Wanda ya mai da ita ranar ramuwa ya rushe ginin kwana biyar da hannunsa.

Saura rukuni na biyu, wanda in babu shi na farko, wato awon abinci, ba ya tsayawa, shi ne motsa jiki. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sa shi gaba da abinci da barci a cikin sharuɗan tsare lafiya a littafinsa Alƙanun. Amma kada a ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Mutum mai nauyi in ya taka kilomita ɗaya bai ƙona fiye da kalori 60 zuwa 80 ba, wato kwalbar lemo guda sai da tafiyar wajen kilomita biyu. Herman Pontzer ma, da ya auna Hadza, mafarautan Tanzaniya masu wuni suna yawo a daji, ya ba da labari a 2012 cewa abin da jikinsu ke ƙonawa a yini, in an yi la'akari da girman jiki, bai yi nisa da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Saboda haka ragin nauyi daga akushi yake farawa. Aikin motsi shi ne tsare abin da aka samu, da riƙe tsoka, da gyara sukari da hawan jini ko nauyi bai motsa ba. A 1994 Rena Wing da James Hill suka buɗe rajista a Amurka ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe shi shekara ɗaya ko fiye. Cikin dubban da suka shiga, kusan tara cikin goma suna motsa jiki wajen awa ɗaya kullum, mafi yawa tafiyar ƙasa ce, uku cikin huɗu kuma suna hawa sikeli kowane mako. Wani babban gwaji da aka buga a 2002, na mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, ya nuna waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali masu shan ƙwayar metformin da kashi 31 tasu ta ragu. Mai kilo 95 ke nan, kilo bakwai ma ya isa ya canja masa lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba da minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda mutum ke haki kaɗan amma yana iya magana, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Mutumin Lolo ba ya bukatar wani ɗakin wasanni don ya cika wannan. Ya ajiye babur ya je masallaci da ƙafa sau biyar, ya zaɓi wanda ya ɗan fi nisa. Bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi, ya taka zuwa bakin fadama ya duba gonarsa da kansa maimakon ya aiki yaro. Da bazara, sa'ad da zafi ke kai matuƙa a watannin Maris da Afrilu da Mayu, ya tsaya ga sanyin safiya da na bayan La'asar sakaliya, ya sha ruwa isasshe. Ɗaukar fartanya, da tuƙi da filafili, da taya yara ɗora kaya gwargwadon ƙarfi, duk aikin tsoka ne. Uwargida da ke cikin kulle ita ma tana da rabonta: ta zagaya tsakar gida da sauri minti goma bayan kowane cin abinci, ta riƙe wani sashe na daka da shara da jan guga ko da akwai masu yi mata, ta zauna bisa kujera ta miƙe sau goma ba dafawa, safe da yamma. Haƙƙi ne a kan maigida ya sauƙaƙa mata wannan, ya bar ta ta je gidan 'yan uwa da asibiti da ƙafa tare da abokan tafiya, domin lafiyarta na cikin abin da za a tambaye shi. Mai ciwon gwiwa ko wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙara biyar kowane mako.

Akwai jarrabawar da ba ta cikin littattafan likitocin Turai, ita ce bakin jama'a. Da zarar wuyan riga ya fara yi wa mutum yawa, abokin ciniki zai dube shi ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Ko kasuwa ce ta juya?" Mahaifiya ta kira shi ɗaki ta ce, "Kai, wannan rama fa? Ko ba a ba ka abinci a gidan naka?" Kada ya ɓoye, kada kuma ya yi fushi, ya ce, "Lafiya lau, Inna, likita ne ya ce in rage saboda sukari da gwiwa, ki sa mini albarka." Ya kuma sanar da mai yi masa girki tun farko, cikin mutunci, don kada ta ɗauki ragowar tuwo a matsayin raini ga hannunta, gama rage mai a tukunya ba ya yiwuwa sai da yardarta, amfaninsa kuma na gidan ne duka. Ya hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, a kemis ko asibiti mafi kusa, ya kuma adana igiyarsa. In nauyi ya tsaya cik mako uku ko huɗu, wannan al'ada ce ta jiki: ya yi mako biyu yana cin daidai bukata, yana tafiyarsa, sa'an nan ya koma ragi. In biki ko tafiya ta ɓata masa mako, ya ɗora daga inda ya tsaya, ba tare da ya yi wa kansa horon yunwa ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Wajibi ne mu rufe da gargaɗi. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari, kada ya shiga ranar tsukewa sai likita ya daidaita masa magani, domin sukari na iya faɗuwa ya sume. Haka mai ciwon ƙoda, da mai gyambon ciki, da mai ciwon zuciya, su fara neman shawara. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya ya tsaya nan take ya nemi asibiti. Wanda kuma ya ga yana ramewa alhali bai rage ci ba, tare da yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai daɗewa, wannan alamar cuta ce, ya je a auna shi. Shayin rage tumbi da garin da ake tallarsa a kasuwa da wayar hannu, galibinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ke fita kitse na nan, wani kuma ya taɓa hanta ko ƙoda. Wanda ya kai inda yake so, ya sani aikin bai ƙare ba, sai dai ya yi sauƙi: ya riƙe tafiyarsa ta kullum, ya bar rana ɗaya ko biyu ta tsukewa a mako, in ya ga kilo biyu sun komo ya tare su tun ba su zama goma ba. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma wannan ƙa'ida ta ibada ita ce ƙa'idar kula da jikin da ake ibadar da shi. A babi na gaba, in Allah ya so, za mu duba sha'anin mata bayan haihuwa da yaye, da yadda za a daidaita al'adar jego da abin da lafiya ke bukata. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu dace.